Yaro ya daina magana bayan an cire masa ƙari, takarda ta ce "mataki na ɗaya"

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son mu tattauna yadda ake rubuta matsalolin da ke biyo bayan tiyatar ƙarin ƙwaƙwalwa a yara, domin ma'aunan da ke hannunmu ba don wannan aikin aka tsara su ba.

Ku ƙaddara yara biyu aka cire wa medulobilastoma, wani mugun ƙari na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, a rana ɗaya. Na farko ɗinkinsa ya ɗan saki, ruwan ƙwaƙwalwa yana tsattsafowa, aka mayar da shi ɗakin tiyata, aka sa shi barci na minti 20, aka ƙara ɗinki. Bayan kwana huɗu yana yawo da ƙafarsa. Na biyu ya farfaɗo lafiya har ya kira mamarsa, washegari magana ta ɗauke ɗif, jiki ya saki, ba ya iya zama, yawu na dalala, sai kuka ba dalili. Ba maganin da za a ba shi, ba tiyatar da za a sake, sai fisiyo, wato motsa gaɓoɓi, da koyar da magana na tsawon watanni.

A ma'aunin Clavien-Dindo na 2004, wanda likitocin Zurich suka fitar don tiyatar gama-gari, na farko yana mataki na IIIb saboda an sa shi barci. Na biyu yana mataki na I, tunda fisiyo na cikin abubuwan da aka yarda da su a matakin farko, tare da maganin amai da na zazzaɓi da na ciwo. Wato wanda ya warke cikin mako guda ya fi wanda ya rasa bakinsa nauyi a takarda. Ma'aunin yana auna abin da likita ya yi ne, ba abin da yaro ya rasa ba.

Ƙaramin Likita:
Wa alaikumus salam ranka ya daɗe. To ai akwai harafin "d" da ake liƙa wa mataki idan an sallami mara lafiya da nakasa. Sannan ma'aunin Landriel Ibañez na 2011 na likitocin ƙwaƙwalwa ne. Bai toshe wannan ƙofar ba?

Baban Ilham:
Ya rage, bai toshe ba. Landriel, daga Buenos Aires, ƙashin bayansa ɗaya ne da Clavien-Dindo: mataki na I ba a huda ba a yanka ba, na II an yi wani aiki a jiki, da barci ko babu, na III ɗakin kulawa ta musamman, na IV mutuwa. Abin da ya ƙara mai amfani shi ne raba matsalar tiyata da ta sauran jiki, da kuma raba mai wucewa da mai ɗorewa, inda kwana 30 ne iyaka. Amma "mai ɗorewa" bai gaya maka me ya ɗore ba. Yaron da gefen bakinsa ya ɗan karkace da yaron da aka huda wa maƙogwaro ake ciyar da shi ta roba duk suna ɗauke da alama guda. Haka harafin "d" yake.

Ga kuma wani abu da ya shafi yara kaɗai. Babba za ka ɗebi ruwan bayansa ko ka ƙara masa ɗinki biyu a kan gadonsa da allurar kashe zafi. Ɗan shekara uku ba zai tsaya maka ba, dole a sa shi barci. Matsala iri ɗaya, aiki iri ɗaya, amma a Clavien-Dindo yaro ya tashi daga IIIa, wato aiki ba barci, zuwa IIIb don ƙuruciyarsa kawai.

Mai Ƙidaya:
Dakta, bari in ƙara da abin da aka riga aka gwada. A 2012 ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwar yara ta Kanada, Drake da abokan aikinsa, suka fitar da ma'anonin matsaloli da suka yi ittifaƙi a kai, don kowa ya san abin da ake nufi da yoyon ruwa, ko kamuwa da ƙwayar cuta, ko sabon raunin jijiya. Wannan ya fi kusa da yara, sai dai ya haɗa duk tiyatar ƙwaƙwalwa ce, ba ta ƙari kaɗai ba. A 2021 likitocin asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool suka ɗauki tiyatocin ƙari na asibitinsu suka ɗora su a kan ma'aunan nan uku, suka nuna ba wanda ya wadatar. Daga can ne aikin COMBAT ya fito, wanda aka kafa don a tsayar da taƙaitaccen jerin matsalolin da kowane rahoto zai ambata.

Yadda ake tsayar da irin wannan jeri sananne ne, tsarin COMET da aka kafa a Liverpool a 2010. Ana tattara duk matsalar da aka taɓa ambata a rubuce-rubuce, a ƙara da abin da iyaye da yaran da suka girma suka faɗa. Sai a aika wa mahalarta su ba kowace maki daga 1 zuwa 9, zagaye biyu ko uku, kowa yana ganin yadda sauran suka jefa kafin ya sake. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce abu ya shiga idan kashi 70 cikin ɗari ko fiye sun ba shi 7 zuwa 9, kuma waɗanda suka ba shi 1 zuwa 3 ba su kai kashi 15 ba. Ana ƙirga iyaye daban, likitoci daban, don kada yawan likitoci ya danne su.

Amma ku lura, wannan jeri yana faɗa maka ABIN da za ka auna ne. YADDA za ka auna da YAUSHE wani aikin ne daban, kuma a nan wahalar take.

Ummu Aiman:
Tunda da ɗaukewar magana aka fara, bari in zauna a kanta, don ita ce ta fi nuna ɓarnar rashin ma'ana guda.

Abin yana faruwa ne idan aka taɓa hanyar da ke fita daga ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya zuwa talamus da gaban ƙwaƙwalwa, musamman jijiyar sama da ke riƙe ƙaramar ƙwaƙwalwar, kuma ya fi tsanani idan ɓangarori biyu ne. Babban binciken Children's Oncology Group na 2006 ya same shi a kusan ɗaya cikin huɗu na yaran medulobilastoma. Amma idan ka bi rahotanni za ka ga lambobi sun yi nesa da juna ƙwarai, kuma wani ɓangare na wannan bambancin daga ma'ana yake, ba daga hannun likita ba. Wani ba ya ƙirgawa sai yaro ya yi shiru gaba ɗaya. Wani yana ƙirga duk wanda maganarsa ta ragu. Wani kuma ya haɗa da duk mai tangaɗi.

Ma'anar da Posterior Fossa Society ta fitar a 2016 ta ce: rashin magana ko raguwarta da ke zuwa a jinkirce, tare da saurin sauyawar hali, bayan tiyatar ƙari a ƙaramar ƙwaƙwalwa ko rami na huɗu na ruwan ƙwaƙwalwa. Sakin jiki da wahalar haɗiya sukan biyo. Likitocin St. Jude a Amurka kuma sun raba shi biyu a 2021: PFS1 shiru gaba ɗaya, PFS2 yaro yana furta kalmomi amma ba ya iya haɗa uku su zama jimla. Wannan rabon ya fi sauƙin aiki a ɗakin kwanciya, nas ma za ta iya cike shi.

A aikace ga abin da ya kamata a rubuta: ranar da ya yi maganar ƙarshe, ranar da kalmar farko ta dawo, ranar da ya haɗa kalma uku, ranar da ya zauna da kansa, ranar da ya taka. Kwanan wata kawai, ba sharhi. Daga nan kowa zai iya lissafa tsawon lokaci. Kuma kada a rubuta "ya warke" don magana ta dawo. Da yawa tana dawowa ne a hankali, a daddatse, murya ba hawa ba sauka. Ga yaron da Hausa ce harshensa wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda karin sauti da tsawon wasali ne ke raba kalmomi da yawa.

Sista Maman Walid:
Anti Ummu Aiman kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Akwai tarko biyu a ɗakin kwanciya. Na ɗaya, yaranmu da yawa ba sa buɗe baki gaban baƙo, ballantana mai farar riga. Likita ya zo zagaye ya ce "yaya sunanka", yaro ya ɓoye fuska a zanin uwa, a rubuta ba ya magana. Ko akasin haka, yaro ya yi shiru na gaske a ce kunya ce, sai kwana uku sun wuce. Uwar ce za a tambaya, da tambaya takamaimiya: yau ya kira ki? Ya nemi ruwa da baki ko da hannu ya nuna? A sa wannan a takardar awon nas, safe da yamma, har kwana bakwai, domin abin yakan fara ne tsakanin rana ta ɗaya da ta shida.

Na biyu, wanda bai kai shekara biyu da rabi ba sau da yawa dama can bai fara haɗa kalma uku ba. Idan ba a rubuta yawan maganarsa kafin tiyata ba, da me za a gwada? Da izinin iyaye, bidiyon minti biyu a waya ana gobe tiyata, yaro yana hira da uwarsa, yana tafiya zuwa ƙofa ya dawo, yana miƙa hannu ya ɗauki kofi, ya fi shafi biyu na rubutu.

Baban Ilham:
Wannan batu na yadda yaro yake kafin wuƙa shi ne tushe. Kalmar "sabon rauni" ba ta da ma'ana idan ba a san tsohon ba. A inda yara ke zuwa a makare, bayan watanni na ciwon kai da aman safe, jijiyar ido ta daɗe a kumbure. Irin wannan gani yana iya ci gaba da raguwa ko bayan an sauke matsin. Idan ba a auna gani da bayan ido kafin tiyata ba, ko dai a ɗora wa tiyata makantar da ba ita ta jawo ba, ko a ɓoye wadda ta jawo a ce dama haka ya zo.

Mafi ƙarancin abin da za a auna kafin a shiga: ƙarfin gaɓoɓi huɗu a ma'aunin MRC na 0 zuwa 5, fuska a House-Brackmann I zuwa VI, motsin ido, gani a kowane ido daban, haɗiya da murya, tangaɗi da ma'aunin BARS ko SARA ga wanda ya isa bin umarni, sai makin Lansky na wasa, 100 zuwa 0, wanda iyaye ke bayarwa. Nauyi da tsawo kuma kada a manta. Minti 15 ne idan an saba. Sai a maimaita su daidai a ranar sallama, rana ta 30, da rana ta 90.

Abu Hanif:
Salam. Ni ina da ja a kan wani ɓangare. Ba duk abin da ya biyo bayan tiyata ne matsala ba. Ɗauki kiraniyofarinjiyoma, ƙarin da ke tsirowa kusa da fituwitari, wadda ke sarrafa sinadaran jiki daga ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan likita ya yanke shawarar tsinke sandar fituwitari don ya cire ƙarin duka, ya san yaro zai tashi da ciwon yawan fitsari na rashin basofiresin, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki, kuma ya faɗa wa iyaye tun kafin su sa hannu. Wannan kuɗin da aka amince za a biya ne. Idan muka zuba shi cikin matsaloli, duk asibitin da ke karɓar ƙari masu wuya zai fito da lambobi marasa kyau, wanda ke tura su gaba kuma ya fito fes. Ƙarshenta likitoci su fara gudun aiki mai wuya.

Hajiya Likitar Yara:
Malam Abu Hanif, na fahimci tsoronka, amma ban yarda a cire shi daga lissafi ba. Yaron da zai sha desmofiresin da haidirokotison da tairoksin, magungunan da ke cike gurbin aikin fituwitari, har ƙarshen rayuwarsa bai damu da ko an yi tsammani ko ba a yi ba. Kuma duk sauyin da aka samu a wannan ciwon, daga cire komai ko ta halin ƙaƙa zuwa barin abin da ya manne wa haifotalamus, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa da ƙishirwa, a bi shi da gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, ya samu ne saboda an ƙirga yaran da suka yi ƙiba marar iyaka da sauyin hali. Rabon Puget na 2007 daga asibitin Necker a Faris, mataki 0, 1, 2 na yadda ƙari ya shiga haifotalamus, daga irin wannan ƙidayar ya fito. Da an ce "abin tsammani ne" an bar shi, da ba a gane ba.

Mafita ita ce a rubuta komai, sai a ƙara gurbi guda: an yi tsammaninsa, ko ba a yi ba. Kuma a cike gurbin KAFIN tiyata, a takardar shiri, ba bayan abin ya faru ba. In ba haka ba komai zai koma abin tsammani.

Shi kansa ciwon fitsarin yana buƙatar ma'ana. Wasu suna cewa fitsari fiye da mililita 4 a kowane kilo a awa, wasu 5, na awa biyu a jere. Dole a haɗa da sodiyam sama da 145 da fitsari tsarki, nauyinsa ƙasa da 1.005. Idan ba haka ba za ka ƙirga yaron da kawai yake fitar da ruwan da aka ɗura masa a tiyata, ko wanda aka ba manitol, ko wanda deksametason ya tayar wa suga. Sannan a raba mai wucewa da mai zama, kuma ba a yanke wannan hukuncin a makon farko. Ku tuna zango ukun nan: kwana ɗaya ko biyu na farko fitsari ya ɓalle, wajen rana ta biyar zuwa ta bakwai jijiyoyin da suka mutu su saki ajiyarsu ta basofiresin fitsari ya tsaya, sannan ya dawo ya zauna. Idan aka sa desmofiresin a kan jadawali tun zangon farko ba a bi fitsari ba, a zango na biyu sodiyam zai faɗi, yaro ya yi jijjiga. Wannan jijjigar matsala ce mai zaman kanta, kuma wadda za a iya kauce mata. Don haka a rubuta sodiyam mafi sama da mafi ƙasa a kwana 14 na farko, lamba biyu kawai.

Abu Hanif:
Na yarda da gurbin, Hajiya, in dai kafin tiyata za a cike. Amma ina nan a kan bakana game da shant, robar da ake dasawa ta riƙa janye ruwan ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 30 na yaran da aka cire wa ƙarin ƙeya suna buƙatar hanyar ruwa ta dindindin, shant ko ETV, wato huda wa ruwan hanya a cikin ƙwaƙwalwa ba tare da roba ba. Yawancinsu da taruwar ruwan suka zo. Ciwon ne bai warke ba, ba tiyata ce ta kawo shi ba.

Baban Ilham:
A nan ina tare da kai rabi. A raba uku. Wanda ya zo da taruwar ruwa ta ci gaba, wanda bai zo da ita ba ta same shi bayan tiyata, da wanda aka sa wa ETV ko shant tun kafin cire ƙari bisa shiri. Na tsakiya ne kaɗai matsala tsantsa, amma dukansu a rubuta.

Kuma akwai hanyar kare asibitin da ke karɓar masu wuya, wato a rubuta haɗarin tun farko. Ma'aunin Kanada na Riva-Cambrin na 2009 yana ba da makin haɗarin taruwar ruwa mai ɗorewa bayan cire ƙarin ƙeya: ƙasa da shekara biyu maki 3, yaɗuwar ƙari a ƙwaƙwalwa maki 3, taruwar ruwa matsakaiciya ko mai tsanani maki 2, kumburin jijiyar ido maki 1, sai maki 1 idan hoto ya nuna medulobilastoma ko efendimoma ko ƙarin da ya tsiro ta bayan tushen ƙwaƙwalwa. Maki 5 zuwa sama haɗari ne babba. Wanda yaransa suka fi yawa a wannan rukunin ba za a gwada shi da wanda yawancin aikinsa astirosaitoma mai ruwa ne, ƙari mai sauƙi, a ɗan shekara goma ba.

Haka komawa ɗakin tiyata. Efendimoma da aka bar saura da gangan za a koma a kwashe, wannan shiri ne. Komawa don jini ya taru, wannan matsala ce. Kwana ɗaya a ICU, ɗakin kulawa ta musamman, bayan buɗe ƙeya al'ada ce, ba mataki na IV na Clavien-Dindo ko na III na Landriel ba ne. Abin rubutawa shi ne wanda aka kasa cire wa robar numfashi a lokacin da aka tsara, ko aka cire aka mayar.

Ƙaramin Likita:
Yallaɓai, idan matsala ɗaya ta haifi wata fa? Misali ƙullin ruwa a ƙarƙashin ɗinki, ya fashe ya yi yoyo, sanƙarau ya shiga, aka ƙare da shant. Ɗaya zan rubuta ko huɗu?

Baban Ilham:
Huɗu, kowace da ranarta, sannan ka nuna sarƙar. Kuma ka tambayi kanka wace ce uwar. Sau da yawa yoyon ba laifin ɗinki ba ne, matsin ruwa ne daga ciki yake neman hanya. Idan ka rubuta "yoyo, an ƙara ɗinki" ka tsaya, ka ɓoye taruwar ruwan da ita ce asali.

Ƙullin ruwan kansa yana son iyaka, don hoton MRI zai nuna ɗan ruwa a ƙarƙashin tsoka a yara da yawa. A ƙirga wanda ake gani ko ake taɓawa, a faɗi abin da aka yi masa: an bar shi, an naɗe kai, an ɗebi ruwan baya, ko an koma tiyata.

Sista Maman Walid:
Sanƙarau ma iri biyu ne ake cakuɗawa. Akwai na ƙwayar cuta, akwai wanda jini da ɓurɓushin tiyata ke tayarwa, wanda yakan bayyana lokacin da ake rage deksametason: zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, ƙwayoyin farin jini sun yi yawa a ruwa, amma shuka a lab ba ta fitar da komai ba. Matsalar ita ce idan an riga an fara maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi ruwa, shukar za ta fito babu komai ko da cuta na nan. Saboda haka takarda ta tambaya: an ɗebi ruwan kafin allurar farko ko bayanta? Idan akwai robar EVD mai fitar da ruwan ƙwaƙwalwa waje, kwana nawa ta yi, sau nawa aka buɗe ta aka ɗebi ruwa?

Batun kwana 30 kuma bai ishi wannan ba. Ma'aunin CDC na Amurka yana bin cutar da ta shiga ciki bayan buɗe ƙoƙon kai ko sa shant har kwana 90. Ƙashin da aka mayar yana iya ruɓewa a hankali, sai yaro yana tsakiyar kemo ƙwayoyin jininsa sun faɗi sannan ya bayyana.

Jini ma a daina rubuta shi da leda. Yaro mai kilo 10 jininsa duka wajen mililita 800 ne. Zubar 200 kwata ɗin jininsa ke nan, alhali a babba ba a ko ɗaga kai. A rubuta mililita a kowane kilo, na jinin da ya zuba da na wanda aka ƙara masa.

Hajiya Likitar Yara:
Akwai abu ɗaya da duk ma'aunan tiyata ba su gani, mu kuma masu karɓar yaro daga hannunku shi muke fara dubawa: shin matsalar ta jinkirta mataki na gaba? A medulobilastoma ana son hoton MRI cikin awa 72, gara ma cikin 48, kafin kumburin tiyata ya fara ɗaukar ruwan hoto ya rikita saura da tabo. Saura fiye da murabba'in santimita 1.5 yana iya sauya rukunin haɗarin yaro. Ruwan baya don neman ƙwayoyin ƙari sai bayan kamar kwana 14. Gashi kuma, a tsarin SIOP na Turai, ƙungiyar likitocin dajin yara, ana son farawa cikin kwana 28, kada ya wuce 40. Ɗan yoyon da ya tsaya a mataki na I ko na II amma ya hana ciwo warkewa har gashi ya kai rana ta 60, ya taɓa damar rayuwar yaron fiye da yadda lambarsa ta nuna.

Sai a sa gurbi biyu: ranar fara gashi ko kemo, da dalilin jinkiri. A raba dalilin, matsalar tiyata ce, ko layin na'ura, ko kuɗi, ko jiran sakamakon lab. A ƙasashenmu waɗannan ukun na ƙarshe suna da yawa, bai kamata a ɗora wa likitan tiyata su ba, bai kuma kamata su ɓace ba.

Mu a ɓangarenmu CTCAE, ma'aunin illolin maganin daji, muke amfani da shi, mataki 1 zuwa 5, kuma yana kallon tsananin alama da yadda ta hana harkokin yau da kullum. Shi ya sa yaro ɗaya yake da lamba ɗaya a fayil ɗin tiyata, wata daban a namu. Ma'aunin TDN na 2021 daga Suwizalan ya yi ƙoƙarin haɗa magani da nakasa da raunin jijiya wuri guda, tunaninsa daidai ne, amma awon nakasarsa na manya ne. Ba za ka tambayi ɗan shekara biyu ko yana iya kula da kansa ba.

Mai Ƙidaya:
Ko an gama da ma'ana, lissafi zai iya ɓata komai. Misali na ƙirƙira don a gani: yara 40, tiyata 52, yara 14 sun samu matsala, jimillar matsalolin 23. Wani zai ce kashi 35, wato 14 cikin 40. Wani ya raba 14 da 52 ya ce kashi 27. Wani ya raba 23 da 52 ya ce kashi 44. Ɗaki ɗaya, yara ɗaya, lamba uku. Rahoto ya kawo ɗanyen adadin duka huɗu, kowa ya yi nasa lissafin. Kuma kada a zuba ɗan tsinken gwaji da cikakkiyar buɗe ƙeya a kwando ɗaya, don ƙananan ayyuka suna tsarma lamba.

Ƙananan lambobi ma suna ruɗi. Idan ka yi 30 ba ka ga mutuwa ko ɗaya ba, iyakar sama ta gaskiyar haɗarin tana iya kaiwa kashi 10, wato uku a raba da 30.

Sai mai rubutawa. Abin da aka tono daga tsofaffin fayiloli kullum yana fitowa ƙasa da wanda aka bi yana faruwa, musamman sauyin hali da haɗiya da motsin ido, waɗanda ba a cika rubutawa ba. Kuma bai kamata wanda ya riƙe wuƙa ya zama shi kaɗai ke ba da maki ba. Ba zargi ba ne, ido yakan ga abin da yake fata. Nas ko mai fisiyo ta cike, likitan da bai shiga tiyatar ba ya duba, a zauna a kai sau ɗaya a wata.

Abu Hanif:
Da sharaɗin a raba takardar matsala da takardar kuskure. Idan kowace matsala da aka rubuta za ta koma tuhuma, ba wanda zai rubuta gaskiya. Ko an iya kauce mata ko ba a iya ba, wannan tattaunawar zaman wata ce, ba gurbin da ƙaramin likita zai cike shi kaɗai da daddare ba.

Ummu Aiman:
Haka ne Malam. Ni damuwata rana ta 90. Iyalin da suka taso daga ƙauye mai nisan awa shida, sun sayar da abin da suka sayar, ba lallai su dawo ranar da aka rubuta musu ba. Idan rahoto ya ƙirga waɗanda suka dawo kaɗai, zai yi kyau fiye da gaskiya, don wanda ya fi jin jiki shi ne ya fi wuyar ɗaukowa.

Mai Ƙidaya:
Gurbi uku ne ba biyu ba: akwai, babu, ba a sani ba. Wanda bai dawo ba ba ya shiga "babu". Rahoto ya faɗi yara nawa aka gani da ido a rana ta 30 da ta 90, nawa aka samu ta waya, nawa suka ɓace.

Sista Maman Walid:
To a karɓi lambar waya uku tun ranar kwantarwa, ta uba, ta wani ɗan uwa da ba gida ɗaya suke ba, da ta wani maƙwabci ko ma'aikacin asibitin garinsu, a kira kowace a gabansu a ga ta shiga. Tambayoyin wayar kuma su zama waɗanda uwa za ta amsa ba tare da awo ba: yana raye, yana tafiya shi kaɗai ko sai an riƙe shi, yana haɗa magana, yana shaƙewa in ya sha ruwa, wurin ɗinkin a bushe yake, sau nawa yake tashi fitsari da dare, ya koma makaranta ko islamiyya. Idan an ce ya rasu, a yi ta'aziyya yadda ya kamata tukuna, sannan a nemi ranar da abin da aka gani a kwana biyun ƙarshe, zazzaɓi ne, amai da barci mai nauyi ne, ko jijjiga.

Baban Ilham:
Sista, ki turo waɗannan tambayoyin yadda za a faɗe su da Hausa. Hajiya ta rubuto ma'anar ciwon fitsari da iyakokin sodiyam, Ummu Aiman ranakun magana da tafiya. Ni zan haɗa awon kafin tiyata da rabon taruwar ruwa gida uku, mu ga ko duka za su shiga takarda ɗaya gaba da baya. Malam Abu Hanif, gurbin "an yi tsammani" na hannunka, ka faɗa mana wa zai sa hannu a kansa kafin a shiga da yaro.

Abu Hanif:
Mutum biyu, mai tiyata da likitan yaran da zai karɓe shi. Kuma abin da suka rubuta ya zama shi ne aka karanta wa iyaye kafin su sa nasu hannun.